Harsashin farautar barewa: .308, .30-06 ko 6.5 Creedmoor?

Ɗan Autan Madison:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Iyayena da yayyena masu shiga daji, shawara nake nema. Na gama kwas ɗin dokokin farauta da jihar Wiskonsin ta wajabta wa duk wanda aka haifa daga 1973 zuwa yau, takardata tana hannu. Wani abokin aikina Bature yana da gonar gado can arewacin jihar, ya ce bana in zo mu fita tare a kwana taran nan na harbin barewa da ake buɗewa ranar Asabar kafin bikin godiyarsu na Nuwamba. Bindiga ce ta rage. Na shiga kanti, mai kanti ya jero min uku: .308 Winchester, .30-06 Springfield da 6.5 Creedmoor, kuma na lura Creedmoor ɗin yake ta tura min. Shi kuwa abokin nawa cewa ya yi .30-06 kakansa ya riƙe, ita babansa ya riƙe, bai ga dalilin sauyi ba. Kuɗin guda ɗaya gare ni. Wacce zan ɗauka?

Kawu na Hiyuston:
Wa alaikumus salam ɗana. Abokinka ya faɗa maka gaskiya, ka bi shi. Harsashin .30-06 tun 1906 sojan Amurka suka fara amfani da shi, shi ya sa ma ake ce masa 06 ɗin, da shi suka yi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Da sojojin suka dawo gida sai suka shiga daji da abin da hannunsu ya saba da shi. Yau shekara fiye da ɗari ke nan ba a daina yin sa ba. Ka sa masa ƙwaya mai nauyin giren 150 ka harbi barewa, ka sa mai 180 ka harbi babbar dabba irin elk ko baƙin beyar, duk da bindiga guda. Kuma duk ƙauyen da ka shiga a ƙasar nan, in dai akwai kantin da ke sayar da harsashi, za ka same shi a kan kanta. Mai kanti ciniki yake nema, ni ba abin da zan ci a jikinka.

Injiniyan Denba:
Kawu, Allah ya ƙara girma, amma ba za mu bar yaro ya sayi abin da zai riƙa kumbura masa kafaɗa ba don kawai kakan wani ya riƙe. Ƙanena, ga lissafi a sauƙaƙe. Giren ma'aunin nauyin ƙwayar harsashi ne, giren 15 da ɗan ɗoriya shi ne giram ɗaya. .30-06 mai giren 150 yana barin bakin bindiga da gudun ƙafa kusan 2,900 a daƙiƙa. .308 mai nauyi iri ɗaya yana yin kusan 2,820. Kaurin ƙwayarsu ɗaya ne, bambancin kawai kwanson .30-06 ya fi tsawo, milimita 63, na .308 kuwa 51, don haka na farkon ya fi cin albarushi. Shi 6.5 Creedmoor kamfanin Hornady ne ya fito da shi a 2007, ƙwayarsa siririya ce doguwa, mai giren 143 tana fita da gudun 2,700. A farko ta fi su sanyi, amma saboda sirantarta ba ta saurin gajiya a iska, kuma iskar gefe ba ta karkatar da ita sosai. Shurinta a kafaɗa kusan kashi biyu cikin uku na .30-06 ne. Ni a nan Kolorado inda ake hango dabba daga wannan tudu zuwa wancan, ita nake riƙewa.

Kawu na Hiyuston:
Injiniya, barewa ba ta karatun lissafi.

Injiniyan Denba:
Haka ne Kawu, musamman barewar Teksas da ake zuba wa masara a inji tana zuwa da ƙafarta a kan lokaci. Wannan ko da gwafa aka je ai an dawo da nama.

Kawu na Hiyuston:
To marar kunya. Dokar jiharmu ce ta yarda a zuba abinci a filin da yake mallakar mutum, ba sata muke yi ba. Kuma ka zo kudancin Teksas ka shiga sarƙaƙiyar ƙayar nan ka ga ko za ka hangi wani abu ba tare da masarar ba.

Maman 'Yan Biyu (Minesota):
Kafin Kawu da Injiniya su cinye zauren, ƙanena amsa min tambaya biyu. Wane irin waje ne gonar abokin naka, fili ne ko kurmi? Sannan ka taɓa harba babbar bindiga kuwa, ko ƙaramar .22 ta wajen kwas kawai ka taɓa?

Ɗan Autan Madison:
Anti, kurmi ne sosai. Na je na gani da bazara, bishiyoyi ne cunkus da fadama a gefe guda. Ya nuna min kujerar da suke ɗaurewa a saman bishiya, daga nan abin da ido ke iya kaiwa bai wuce yadi 70 zuwa 80 ba, sai wata 'yar gonar ciyawa da ƙila ta kai 150. Babbar bindiga kuwa ban taɓa ba.

Maman 'Yan Biyu (Minesota):
To ka ga duk gardamar nan ba taka ba ce. A yadi 80 ba wata barewa da za ta bambance .308 da .30-06 da Creedmoor. Fifikon da Injiniya yake faɗa gaskiya ne, amma sai an haura yadi 300 ko 400 yake fara bayyana, kai kuma ba inda za ka ga wannan nisan, ko ka gani ma bai kamata sabon hannu ya gwada ba. In aka saita dukansu a yadi 200, abin da ƙwayar kowanne ke sauka a yadi 300 yana tsakanin inci 7 zuwa 9 ne. Wajen da ake nema a jikin barewa, wato huhu da zuciya a bayan allon kafaɗa, faɗinsa kamar ɗan faifan rufe ƙwarya ne. Aikinka ka iya saka harsashi a cikin faifan nan kana rawar ɗari, ka sa riga uku, yatsunka sun ƙage, zuciyarka na dukan tara-tara. Abin da ke hana mutane yin haka ba ƙarancin ƙarfin harsashi ba ne, tsoron bindigarsu ne. Mutum ya sha shuri sau biyu sau uku a filin gwaji, daga nan duk sanda zai ja kunama sai ya runtse ido ya fizge hannu, bai ma san yana yi ba.

Ni 7mm-08 Remington nake amfani da ita. Kwanson .308 ne aka matse wuyansa ya koma milimita 7, Remington suka fitar da shi kasuwa a 1980. Mai giren 140 yana kayar da manyan barewarmu na arewa ba gardama, kuma ba ya wahalar da kafaɗa. Sai dai ba kowane ƙaramin kanti ke ajiye shi ba, nan Kawu ya fi ni hujja.

Jikan Sarkin Baka (Ningi):
Ikon Allah. Mu da muke gida muna karatu muna dariya. Kakana da bindigar toka ya yi zamaninsa, ya ɗura albarushi ya danna tsumma ya zuba 'yan ƙarafa, harbi ɗaya tak gare shi, in ya kuskure shi ke nan sai gobe. Amma bai rasa gada ko gwanki ba, domin sai ya laɓaɓa ya matso har yana jin tana tsinkar ciyawa. Ku kuna da madubi a kan bindiga, kuna da kujera a kan bishiya, har da injin auna nisa, kuma kuna ta musu a kan milimita.

Injiniyan Denba:
Yaya, a gaida jinin maharba. Amma ka tambayi tsofaffi dabba nawa ta tsere da rauni a wancan zamanin ta je ta mutu a banza. Musun milimitar nan don kada a yi hakan ne.

Jikan Sarkin Baka (Ningi):
Wannan kuma gaskiya ne. Ni dai abin da ya fi ba ni sha'awa a labarinku shi ne har yanzu kuna da abin harbin. Mu nan in ba ka shiga Yankari ba, sai ka yi wuni a daji ba ka ga ko zomo ba.

Kawu na Hiyuston:
Su ma sun kusa ƙarar da tasu, ɗana. Wajen farkon ƙarni na 20 barewa mai farar wutsiya ta yi ƙaranci ƙwarai a jihohi da yawa saboda masu harbi don sayar da nama da fata. Doka ce ta dawo da ita: aka hana sayar da naman daji, aka sa lokaci, aka ƙayyade adadi. A 1937 kuma suka yi dokar Pittman-Robertson, wadda ta sa harajin da ake cira a kan bindigogin farauta da harsashi, kashi 11 cikin ɗari a yanzu, yake tafiya wajen kula da namun daji. Duk kwalin harsashin da ɗan autanmu zai saya, akwai rabon barewa a ciki.

Na Kolombus:
Ku da kuke da zaɓi ku gode wa Allah. Mu a Ohayo duk ukun nan da ake magana haramun ne a harbi barewa da su. Babban ɓangaren jihar a shimfiɗe yake, gonaki da gidaje kusa da juna, suna tsoron harsashin da zai yi tafiya mai nisa. Da can sai bindiga irin ta harbin tsuntsu mai dunƙulen dalma ko ta ɗuri. A 2014 suka yarda da raifil, wato irin doguwar bindigar da ake harba waɗannan ukun da ita, amma sai mai miƙaƙƙen kwanso, wanda ba shi da wuya irin na kwalba, kauri daga .357 zuwa .50, kuma kada harsashi ya wuce uku a cikin bindigar. Saboda irin wannan dokar Winchester suka ƙera .350 Legend a 2019. Ita nake da ita. Zuwa yadi 150, ko 200 in hannu ya ƙware, tana aiki lafiya, shurinta kaɗan ne, harsashinta ba tsada. Akwai masu riƙe .450 Bushmaster da tsohuwar .45-70 ta 1873, amma waɗannan sai mai ƙashin kafaɗa. Na kawo wannan ne don duk mai karantawa ya fara duba littafin dokar jiharsa na shekarar kafin ya kai kuɗinsa kanti, domin suna sauya abubuwa. Kuma ɗan'uwa, in bizar karatu ko ta aiki gare ka, ba katin zama na dindindin ba, dokar tarayya tana da sharuɗɗa na daban a kan mallakar bindiga, lasin farauta na cikinsu. Ka bincika sosai.

Ɗan Autan Madison:
Na gode Yaya, katin zama gare ni. Kuma na duba, a Wiskonsin an yarda da raifil, sai dai wasu ƙananan hukumomi suna da nasu ƙa'idojin. Gonar tasu ba ta cikin irin waɗannan wuraren.

Dakta a Abadin:
Sallama daga Sikotilan. Na ga ba wanda ya ambaci .243 Winchester, alhali a nan Birtaniya tana cikin waɗanda aka fi riƙewa. Ita ma 'yar gidan .308 ce, an matse wuyan zuwa milimita 6, ta fito a 1955. Mai giren 100 yana gudun kusan 2,960. Dalilin farin jininta a nan doka ce: a Ingila da Wales, dokar barewa ta 1991 ta ce kaurin harsashi kada ya gaza .240, ƙarfinsa a bakin bindiga kuma kada ya gaza 1,700 a ma'auninsu na ƙarfi da suke kira foot-pound, in ban da ƙananan nau'i biyu, muntjac da barewar ruwa ta Sin, da aka sassauta wa. To .243 ita ce ƙarama mafi samuwa da ta haye wannan layin. Da ita masu gadin gandun daji ke rage jar barewa a tsaunuka, wadda ta fi farar wutsiyarku girma.

Batun Creedmoor kuwa, Injiniya kada ka ji haushi, ba sabon abu ba ne. Mutanen Suwidin da Nowe suna da 6.5x55 tun 1894, kaurin ƙwaya ɗaya, gudu kusan ɗaya, kuma da shi suka daɗe suna kayar da moose, dabbar da ta ninka barewa sau da yawa. Abin da Hornady suka yi shi ne sun gajarta kwanso sun gyara shi ya dace da bindigogin zamani, sannan suka iya talla.

Kawu na Hiyuston:
Dakta, .243 ta yara da mata ce.

Maman 'Yan Biyu (Minesota):
Kawu, matan suna jin ka fa. Kuma firizata cike take, ban san taka ba.

Kawu na Hiyuston:
Tuba nake 'yata. Abin da nake nufi, ƙwayarta ƙarama ce, ba ta yafe kuskure. In barewa ta tsaya ta ba ka gefe sosai, .243 ta isa. Amma a kurmi ba kullum take tsayawa yadda kake so ba. Wani lokaci ta karkace, dole harsashi ya fasa ƙashin kafaɗa kafin ya kai huhu. Giren 100 yana iya tarwatsewa a kan ƙashin bai fita ta ɗaya gefen ba. In bai fita ba, jini ba ya zuba ƙasa sosai, ita kuma ta ruga cikin fadama, magariba ta yi. Da me za ka bi sawu? Ni rami biyu nake so, na shiga da na fita. Kuma barewar Wiskonsin ba irin 'yan ƙananan namu na tsakiyar Teksas ba ce, namijin can yana iya haura kilo 90.

Dakta a Abadin:
Wannan magana ce, Kawu, ban musa ba. Amma ka ga yanzu mun bar batun lambar da ke gindin kwanso mun koma kan ƙirar ƙwayar kanta, kuma a ganina nan ne asalin zancen yake. Ƙwayar farauta dalma ce a ciki, an lulluɓe ta da rigar jan ƙarfe, an bar bakinta yadda in ta shiga nama za ta buɗe ta yi faɗi. In rigar ta cika siranta sai ta fashe da wuri. In ta cika kauri sai ta wuce ba ta buɗe ba. Core-Lokt na Remington tun 1939 ake yin sa, mai araha ne, kuma ya dace da barewa. Nosler Partition na 1948 yana da katanga a tsakiya, gaba ya buɗe, baya ya ci gaba da nutsawa. Ka sa wa .243 irin wannan, yawancin ƙorafin Kawu ya kau. Ka sa wa .30-06 harsashin gasar harbin takarda ko na soja mai rufaffen baki, ka ga barewa ta tafi da shi. Na sojan ma a wurare da yawa doka ta hana farauta da shi. Yawancin labaran da ake bayarwa cewa Creedmoor ba ta kisa, in ka bi diddigi za ka tarar mutum ya sayi kwalin gasa ne saboda shi ya fi yawa a kanti.

Maman 'Yan Biyu (Minesota):
Bari in ƙara daga ɓangaren wuƙa, tunda ni nake feɗe tawa da ta maigida. Harsashi mai gudu sosai, irin .270 Winchester mai giren 130 da ke haura ƙafa 3,000 a daƙiƙa, in ya sami kafaɗa a kusa, sai ka buɗe fata ka tarar naman wajen ya koma baƙi-ƙirin, jini ya daskare a tsakanin tsoka har zuwa wuya, ƙashi ya zama tsakuwa. Rabin kafaɗa sai a zubar. Tsohuwar .30-30 ta 1895, mai liba a ƙasa, da ke tafiya a hankali wajen 2,400, ramin da take yi tsaf yake, kusan har bakinsa za ka ci. A irin kurmin da ƙanena ya kwatanta, .30-30 ma ta ishe shi, don dai ba ta cikin ukun da ya lissafa ne.

Sai batun dalma. A 2008 an saka naman barewa da mafarauta suka ba da sadaka a na'urar hoton ƙashi a Dakota ta Arewa da nan Minesota, aka ga ɓurɓushin dalma a cikin niƙaƙƙen naman, har aka janye wani daga wuraren rabon abinci. Ƙananan ɓurɓushi ne da ido ba ya gani, kuma suna yin nisa da ramin. Ni da nake ba yara ƙanana dambu da kilishin naman nan, na koma harsashin jan ƙarfe zalla. Kalifoniya ma tun Yulin 2019 ta hana farauta da dalma baki ɗaya. Ya fi tsada kaɗan, kuma yana son gudu kafin ya buɗe, don haka ana ɗaukar mara nauyi: a .308 giren 130 ko 150, ba 180 ba. Kusan kullum yana fita ta ɗaya gefen, Kawu zai sami raminsa biyu.

Malam na Bironks:
Assalamu alaikum. Ni ba maharbi ba ne, amma maganar Kawu ta bin sawu da magariba ta taɓo wani abu da ya shafe mu. A mazhabarmu ta Malikiyya, maharbi zai yi niyya ya ambaci sunan Allah lokacin da zai saki harbi. Malamai na baya-bayan nan sun halatta abin da harsashin bindiga ya kashe, saboda yana hudawa yana zubar da jini. In ka isa ka tarar da dabbar da sauran rai, ka yanka ta, don haka wuƙa mai kaifi ta kasance a jikinka, ba a mota ba. In ka yi sakaci ta mutu alhali da ka hanzarta za ka same ta, akwai matsala. Sannan a Risala ta Ibnu Abi Zaid an ce abin da kibiyarka ta kashe ka ci, matuƙar bai kwana ba ka gan shi ba. Ya kuma kawo wani ƙaulin cewa wannan sharaɗin a kan abin da kare ko shaho ya kama ne, amma in aka sami kibiyar a makasarsa ba laifi a ci. To na ji an ce Turawa suna barin barewa ta kwana su dawo da safe. Yaya abin yake?

Na Kolombus:
Allah gafarta Malam, haka ne, amma ba kullum ba. In harsashi ya sami huhu biyu, barewa takan ruga yadi 50 zuwa 100 ta faɗi, cikin daƙiƙoƙi ta mutu. Ana ɗan jira kamar rabin awa a sauko. Jinin huhu ja ne mai haske da kumfa. In jinin ya yi duhu sosai, hanta ce, ana jira awa uku zuwa huɗu. In kuwa ka ga ruwa-ruwa mai kore da wari da ɓurɓushin ciyawa, tumbi aka samu, nan ne suke cewa a bar ta awa takwas ko fiye, domin in ka bi ta da wuri za ta tashi daga inda ta kwanta ta yi nisan da ba za a ƙara ganin ta ba. In da yamma aka yi harbin, kwana ya kama ke nan.

Malam na Bironks:
To ashe mu abin ya fi yi mana nauyi fiye da su. Su asarar lokaci za su yi, mu kuwa muna iya tarar da dabba da safe mu tsaya muna shakkar halaccinta, ga azabar da ta sha cikin dare. Ɗana, duk wadda za ka saya, ka sayi wadda ka tabbata za ka sa harsashinta inda ya kamata. In haske ya fara ƙarewa kuma ba ta tsaya maka daidai ba, ka bar ta ta wuce.

Injiniyan Denba:
Malam ya goyi bayana ke nan: mara shuri ita ce mai saiti.

Kawu na Hiyuston:
A'a, ni ya goya wa baya: mai rami biyu ita ce ba ta kwana.

Mai Kula da Zaure:
Kawu da Injiniya, Malam bai ambaci sunan kowa ba. Don Allah a bar mai tambaya ya ji da abin da aka ba shi. Sannan tunatarwa: ba a tallar sayar da bindiga ko harsashi a zauren nan, na goge saƙo guda ɗazu.

Jikan Sarkin Baka (Ningi):
Tambaya daga ɗan kallo. Wannan .308 ɗin, ba shi ne na bindigar G3 da sojojinmu suka daɗe suna riƙewa ba?

Injiniyan Denba:
Kusan shi ne, Yaya. Winchester sun fitar da .308 kasuwa a 1952, bayan shekara biyu ƙungiyar NATO ta karɓi ɗan'uwansa 7.62x51, wanda bindigogin G3 da FN ke ci. Girman kwanso ɗaya ne, akwai ɗan bambanci a matsin albarushi da ƙirar ɗakin harsashi. Wannan dangantakar ce ta sa harsashin gwaji na .308 ya fi na sauran araha da yawa a kasuwa. Kuma tunda gaskiya ake so, ga wanda zai sayi bindiga ɗaya tak ya koyi harbi da ita, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya harba kwali goma na mai araha ya fi wanda ya harba kwali ɗaya na mai tsada. Ni dai har gobe Creedmoor ta fi daɗin harbi.

Ɗan Autan Madison:
Na gode ƙwarai iyayena. Ga inda na tsaya. Na cire .30-06, Kawu ka yi haƙuri, ba raini ba ne, jikina ba shi da nauyi kuma ban saba ba. Tsakanin sauran biyun zuciyata ta fi karkata ga .308 saboda arahar harsashin gwaji da kuma maganar rami biyu. Amma abokin nawa ya ce ƙaninsa yana da Creedmoor, wani maƙwabcinsu kuma yana da .308, za su kai ni filin gwaji ranar Asabar in harba duka biyun kafin in biya kuɗi.

Maman 'Yan Biyu (Minesota):
Madalla. In kun je, ka toshe kunne da kyau, na soso a ciki na rufewa a waje, domin rabin tsoron bindiga ƙara ce ba shuri ba. Sannan ka ce abokinka ya riƙa ɗura maka bindigar kana juya baya, wani lokaci ya sa harsashi, wani lokaci ya bar ta ba komai. Ranar da ka ja kunama ta yi ƙyas ba harsashi, kowa zai ga ko bakin bindigar ya tsaya cak ko ya duƙa ƙasa. Wadda ba ka duƙar da ita ba, ita ce taka. Kada ka zuba duk kuɗin a bindiga ka sayi madubin banza, a kurmi da asuba madubi mai tara haske ya fi mai kusanto da nesa amfani. Kuma ka yi saitin ƙarshe da ainihin harsashin da za ka shiga daji da shi, sanye da rigar sanyin da za ka sa ranar, don kaurinta yana sauya yadda gindin bindiga ke zama a kafaɗa.

Na Kolombus:
Ka ƙara da igiyar ɗaure jiki in za ka hau kujerar bishiya, faɗowa daga can na raunata mafarauta da yawa duk shekara. Bindiga kuma ba a hawa da ita a ɗure, da igiya ake jawo ta bayan ka zauna. Rigar ruwan lemo ko ruwan hoda mai ƙyalli dole ce a jiharku, in za ka sa hula ma sai mai irin wannan launin.

Dakta a Abadin:
Wani abu da ba a taɓo ba: ciwon nan mai cin ƙwaƙwalwar barewa da suke kira CWD. An gano shi a Wiskonsin tun 2002, ya fi yawa a kudancin jihar amma ya bazu zuwa gundumomi da dama. Ba a tabbatar yana kama mutum ba, duk da haka hukumomin lafiya sun ce kada a ci naman wadda gwaji ya nuna tana da shi, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar tana karɓar kai a yi gwaji. Ka ajiye naman a firiza, ka rubuta alama a leda, sai sakamako ya fito.

Kawu na Hiyuston:
To ɗana, .308 ɗin ma ai ɗiyar .30-06 ce, an rage mata tsawo ne kawai, ban yi asara ba. Ka nemi mai giren 150 ko 165, kada ka wahalar da kanka da 180 a kan barewa. In Allah ya ba da sa'a, naman gadon baya na Kawu ne, Maman 'Yan Biyu ta koya maka yadda ake ciro shi ba tare da an yayyanka ba.

Maman 'Yan Biyu (Minesota):
Sai ya fara samo barewar tukuna, Kawu. Ƙanena, ka tambayi abokin naka ko suna da wajen rataye ta a gonar, ko kai wa mahauci suke yi. In mahauci ne, ka tabbatar ya san ba a haɗa maka da kitsen alade a niƙa, domin da yawansu haka suke yi in ba ka hana ba.